Babi na Shida: Dogon Gilashi Mai Faɗin Ido

Tsakanin ƙarshen hancin mutum da kunnuwansa akwai tazarar da ta kai kusan santimita 10. Idan ka riƙe kyamara a nisan santimita 40 daga hancin, kunnuwan suna nisan 50 ke nan, sai hancin ya fito ya ɗara girmansa na gaskiya da kashi ɗaya cikin huɗu idan aka gwada shi da kunne. Fuska ta kumburo, goshi ya turo gaba, kunne ya noƙe. Abin da ya sa ke nan hoton da mutum ya ɗauki kansa da waya bai cika kama da shi ba. Ja da baya zuwa mita 2, hanci yana 200, kunne yana 210, bambancin ya koma kashi 5 cikin ɗari, fuska ta zauna yadda 'yan gida suka san ta.

Masu hoto da yawa suna cewa dogon gilashi yana gyara fuska. Ƙafarka ce take gyara fuska, da ka ja da baya. Aikin gilashin shi ne ya cika maka hoto da wannan fuskar daga inda ka tsaya, kada ta zama 'yar mitsitsiya a tsakiyar fili. Wanda ya gane wannan ya gane rabin zaɓen, domin tambayar farko ba ta shafi kamfani ko kuɗi ba. Tambayar ita ce: a wuraren da kake aiki, mita nawa ake barinka ka ja da baya?

Gilashin da muke magana a kai yana da tsawo ɗaya tak, ba ya zuƙowa ba ya turawa, kuma lambobi biyu ne a jikinsa. Ta farko tsawo ce, 85 ko 105 ko 135 ko 200, a ma'aunin milimita. Ta biyu ita ce buɗi, wadda ake rubutawa f/1.4 ko f/1.8 ko f/2. Lambar buɗi lissafin rabawa ce: tsawon gilashi a raba da faɗin ƙofar da haske yake shiga. Gilashin 85 mai f/1.8 ƙofarsa ta kai milimita 47, mai f/1.4 kuwa kusan 61. Iya ƙanƙantar lamba, iya faɗin ƙofa. Matakan kuma a jere suke, 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, kowane mataki yana rage rabin hasken na gabansa. Gilashin da ake haɗowa da kyamara a kwali yakan tsaya a f/5.6 idan an zuƙo shi ƙarshe, don haka f/1.4 ya ninka shi haske sau 16.

Neman faɗin ƙofa saboda hoton fuska ya girmi kakanninmu. A 1839, lokacin da aka bayyana fasahar Daguerre a Paris, gilashin da ake amfani da shi bai wuce wajen f/15 ba, mutum kuwa sai ya yi mintoci a daskare cikin rana kafin hotonsa ya kama. A 1840 wani malamin lissafi a jami'ar Biyana, Joseph Petzval, ya zauna ya lissafa gilashi mai f/3.6, kamfanin Voigtländer ya ƙera shi. Hasken da yake shigarwa ya ninka na da fiye da sau goma. Da shi, da kuma gyaran da aka yi wa sinadaran hoto, zaman ya ragu zuwa ƙasa da minti guda, shagunan hoton fuska suka yaɗu a biranen Turai da Amurka. Matsalar da Petzval ya magance ita ce dai take damun mai hoto a zauren dina yau: haske ya yi kaɗan, mutane kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya.

To, mu koma kan nisa. A kyamara mai cikakken sansa, irin su Canon 5D da 6D ko Nikon D750, idan ka riƙe ta a tsaye kana son mutum daga hula har takalmi, gilashin 85 yana bukatar kusan mita 4 da rabi. Gilashin 135 yana bukatar mita 7, na 200 kuwa fiye da mita 10. Idan a kwance ka riƙe ta, ƙara rabin wannan nisa a kai. Yanzu ka tuna falon da ake kamu, an jera kujeru, an baza tabarmi, ƙawayen amarya sun cika ko'ina. Ina mita 7 take? Ko a babban zauren biki da filin yake akwai, mita 7 tsakaninka da ango da amarya fili ne da masu liƙi da masu ɗaga waya za su cike kafin ka ƙifta ido. Sai ka koma gida da hotunan ƙeyar mutane.

Saboda haka 85 ya zama gilashin farko ga mafi yawan masu hoton biki. Daga mita ɗaya da rabi yana ba ka kai da kafaɗa, nisan da za ka yi wa mutum magana ba tare da ɗaga murya ba, ka ce ranki ya daɗe ɗan juyo nan, ta ji ka ko da ana kiɗa. Ka ja taku uku ka sami rabin jiki. Yana shiga ɗaki, yana aiki a tsakar gida.

Amma idan aka tambaye ni wane gilashi ya fi ba da hoton da ake tsayawa a kalla, 135 zan ce, kuma ba zan yi jinkiri ba. Dalilin yana cikin lissafin ƙofa. Idan ka cika hoto da mutum daidai wa daida da gilasai biyu, narkewar abin da ke can nesa a bayansa tana bin faɗin ƙofa ne a milimita. Gilashin 135 mai f/2 ƙofarsa 67 da rabi ce, ta fi ta 85 mai f/1.4, 135 mai f/1.8 kuwa 75. Ga shi kuma yana yanko ɗan yanki kaɗan na bayan mutum, sai ka iya kauce wa turken lantarki da tankin ruwa da motar da aka ajiye ba daidai ba, ka zaɓi inuwar darbejiya kaɗai. Canon ya fitar da EF 135mm f/2L a 1996, nauyinsa giram 750, kuma har yau masu hoto ba su daina nemansa ba. Sigma ya kawo 135 mai f/1.8 a 2017, Sony a 2019, Nikon ya fito da nasa mai suna Plena a 2023. Akwai wata fa'ida da ba ta cikin lissafi. Amarya mai kunya, ko dattijon da ba ya son a tsaya masa a ka, sukan saki jiki idan kyamara ta yi nesa. Wurin ɗaurin aure a ƙofar masallaci, ana addu'a, ba ka da hurumin kutsawa cikin manya, 135 ne zai kawo maka hannuwan da aka ɗaga da fuskar waliyyi daga inda ladabi ya tsayar da kai. Sai dai nisan da ke ba ka wannan dama shi ne kuma yake ba ka ikon ɗaukar wanda bai san ana ɗaukarsa ba. A taron mata musamman, wadda ta ja mayafi ta kau da kai ta riga ta ba ka amsa, tsawon gilashinka bai soke amsar ba.

Na 105 yana tsakiya, kuma yana da tarihi. Hoton yarinyar nan 'yar Afganistan, Sharbat Gula, wanda Steve McCurry ya ɗauka a sansanin 'yan gudun hijira na Nasir Bagh kusa da Peshawar a 1984, ya kuma fito a bangon mujallar National Geographic a watan Yuni na 1985, da Nikkor 105mm f/2.5 aka ɗauke shi. A lura da lambar, f/2.5, wadda matasan yau za su raina. Na 200 mai f/2 kuwa ka bar wa masu hoton wasanni: na Canon da ya fito a 2008 ya haura kilo biyu da rabi.

Duk wannan lissafi na cikakken sansa ne. Kyamarori da yawa da ke hannun masu fara sana'a, irin su Canon 600D da 700D da 80D, ko Nikon D3200 da D5300 da D7100, ƙaramin sansa gare su, wanda yake yanke gefen hoto. A Canon sai ka ninka tsawon gilashi da 1.6, a Nikon da Sony da Fujifilm da 1.5. Gilashin 85 a kan 700D yana gani ne kamar 136. Mutum ya ji ana yabon 85, ya tara kuɗi ya saya, ya shiga ɗakin amarya ya tarar ko ya manne da bango fuska ɗaya kawai yake samu. Mai irin wannan kyamara, 85 ɗinsa shi ne 50 mai f/1.8, wanda yake gani kamar 75 ko 80, kuma yana cikin mafi arahar gilasai a kowane kamfani. Masu kyamara marar madubi mai ƙaramin sansa suna da 56, kamar na Fujifilm mai f/1.2 ko na Sigma mai f/1.4, waɗanda aka ƙera don su cike wannan gurbi.

Sai babbar gardama, wadda ake yi a duk inda masu hoto suka zauna: f/1.8 ya isa, ko sai f/1.4, ko ma f/1.2? Bambancin haske tsakanin 1.8 da 1.4 bai kai mataki ɗaya ba, kashi biyu cikin uku ne na mataki. Bambancin kuɗi kuwa yakan kai ninki biyu ko uku. Nauyi ma haka. Nikon 85mm f/1.8G giram 350 ne, Sony FE 85mm f/1.8 giram 371, tsohon Canon EF 85mm f/1.8 na 1992 giram 425. Sigma 85mm f/1.4 Art na 2016 ya haura kilo ɗaya, Canon RF 85mm f/1.2L ya kusa kilo ɗaya da giram 200, Sigma 105mm f/1.4 kuwa ya wuce kilo ɗaya da rabi. A shago kilo ɗaya ba komai ba ne. Daga walimar safe zuwa kai amarya bayan isha'i, wuyan hannu ne zai ba da labari, kuma hannun da ya gaji rawa yake yi.

Abin da ya fi nauyi muhimmanci shi ne zurfin saiti, wato iyakar abin da zai fito tar daga gaba zuwa baya. Gilashin 85 a f/1.4, mutum yana mita 2, abin da yake fita sosai bai kai santimita 5 ba. Matso zuwa mita ɗaya da rabi, ya koma ƙasa da 3. Idan ta ɗan karkata fuska, ido ɗaya ya fito, ɗayan ya dushe. Ɗaurin ɗankwalin da aka ɓata sa'a guda ana yi ya narke, sarƙar wuya ta narke. Ango yana tsaye rabin taku a bayan amarya, ya zama inuwa. Mai hoto yana iya ganin wannan a matsayin gwaninta, uwar amarya kuwa cewa za ta yi hoton bai fita ba, kuma ita ce mai biya. A nisan mita 2, a f/2.8 zurfin ya kai santimita 9, a f/4 ya kai 13. Don haka hoton mutum biyu yakan koma f/2.8 ko f/4, na dangi kuwa f/5.6 ko sama. Wanda ya sayi f/1.4 zai tarar da cewa yawancin yininsa a lambobin da mai f/1.8 yake aiki shi ma yake aiki.

Ranarmu ma tana da nata hukunci. Da tsakar rana, a ISO 100, f/16 yana tafiya da ƙiftawar kusan 1/100. Daga f/16 zuwa f/1.4 matakai bakwai ne, wato ana bukatar wajen 1/12800. Canon 6D da Nikon D750 iyakarsu 1/4000, manyan kyamarori masu madubi 1/8000. Ka buɗe f/1.4 a filin Idi, farar babbar riga ta ƙone fat, aikin zaren da ke wuyanta ya ɓace. Sai ka rufe zuwa f/2.8, ko ka ɗaura baƙar filta mai rage haske, ko ka ja mutuminka inuwa, wanda shi ya fi.

Ban ce f/1.4 ba shi da rana ba. Ranarsa dare ce. A zauren da f/5.6 yake ba ka 1/15 a ISO 3200, f/2.8 zai ba ka 1/60, f/1.8 wajen 1/160, f/1.4 kuwa 1/250. Mutumin da yake zaune 1/125 ya ishe shi, mai rawa yana son 1/250 ko fiye. Idan sana'arka dina ce da taron dare a wuraren da ba a son walƙiyar filashi, wannan 'yar tazara tana raba hoton da za a sa a firam da wanda za a goge. Kada kuma na'urar hana girgiza ta ruɗe ka, ko a gilashi take ko a jikin kyamara. Rawar hannunka take gyarawa, ba ta da iko a kan rawar ƙawayen amarya. Wata matsalar dare kuma ba ta gilashi ba ce, amma faɗin ƙofa ne yake tono ta. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wasu fitilu kuma suna ƙyaftawa sau 100 ba tare da ido ya gani ba. Da ƙiftawarka ta wuce 1/100, sai ka ga hoto ɗaya ya yi haske na bayansa ya yi duhu, ko ratsi-ratsi sun bi ta kansa, musamman idan ka sa kyamara a yanayin da ba ta ƙara. A kan janareto abin yakan fi muni. Kyamarori da yawa suna da saitin magance wannan, in babu kuma ka sauko 1/100 ka jira lokacin da motsi ya lafa.

Akwai aibin da ya kamata mai aiki a cikinmu ya duba fiye da kowa. Gilasai masu faɗin ƙofa, musamman tsofaffi, sukan bar wani launi shuɗi-ja a gefen abu mai ƙyalli da ke gaban wurin saiti, da kore-kore a na bayansa. A hoton mutum sanye da baƙar kwat ba za a lura ba. Mu kuwa kayanmu farar shadda ce mai sheƙi, da leshi mai duwatsu, da gwal. Tsohon Canon 85 mai f/1.8 an san shi da wannan hali idan an buɗe shi duka, yana kuma raguwa sosai a f/2.8. Kafin ka biya kuɗi, ɗauki wani mai farar riga a bakin ƙofa, rana tana bayansa, ka zuƙo hoton ka duba gefen kafaɗa.

Ka duba kuma ko gilashin zai yi saiti da kansa a kan kyamararka. Tsofaffin gilasan Nikon masu harafin D, kamar 85mm f/1.8D, ba su da inji a cikinsu, jikin kyamara ne yake juya su. Jerin D3000 da D5000 ba su da wannan inji, adaftar FTZ ta kyamarorin Z ma ba ta da shi, sai ka koma murɗawa da hannu. Gilasan Canon EF kuwa suna aiki lafiya a kan kyamarorin R ta hanyar adafta, abin da ya sa tsofaffin 85 da 135 suka sami sabuwar rayuwa bayan 2018. A kyamara mai madubi, wani gilashin yakan saita ɗan gaba ko ɗan bayan inda ka nuna, kuskuren santimita 2 kuwa a f/1.4 ya isa ya mai da saiti daga ido zuwa kunne. Manyan samfura suna da wurin gyara wannan, ƙanana da yawa ba su da shi. Marar madubi tana auna saiti a kan sansa kai tsaye, sababbi kuma suna bin ido da kansu. Saurin injin ma abin tambaya ne. Canon EF 85mm f/1.2L ya shahara da kyawun hoto, ya kuma shahara da nawa, domin gilashin da injinsa yake turawa mai nauyi ne. Ga wanda ya zauna a kujera ba laifi, ga yaron da ke gudu a wurin suna kuwa sai haƙuri.

Za a ce, me zai hana a sayi 70-200 mai f/2.8 a huta? Hujja ce mai ƙarfi. A 200 ƙofarsa ta kai milimita 71, yana narkar da baya mai nisa fiye da 85 mai f/1.4. A Hawan Daushe, dawakai sun taso jafi a Ƙofar Kudu, kai kuma an tsayar da kai wuri ɗaya ba gaba ba baya, kana bukatar 1/1000 da ikon zuƙowa, babu gilashi mai tsawo ɗaya da zai kama ƙafarsa. Aibinsa kuɗinsa ne da nauyinsa, wajen kilo ɗaya da rabi a samfuran kyamara mai madubi, da kuma hasken da bai kai rabin na f/1.8 ba. Mai hawan sallah da taron siyasa ya fara da shi. Mai hoton fuska da bikin cikin gida ya fara da 85 mai f/1.8, sauran kuɗin ya sayi filashi da batir, 135 ya biyo baya idan aiki ya buɗe. An ce araha ba ta ado, amma a wannan kasuwa ta yi.

Narkar da baya ma kada ya zame maka dole. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yakan rataya zane mai zane-zane a bayan mutanen da su ma suke sanye da atamfa mai zane, komai ya fito tar, kuma hotunansa suna rataye a manyan gidajen adana zane na duniya. Gidan da aka yi wa ado saboda biki, mai shi yana so a gan shi. Abu ɗaya kuma da yawancin gilasan 85 ba sa iyawa shi ne matsowa: ƙasa da santimita 80 ba sa saiti, don haka zanen lalle a yatsa ko zobe ba ya cika hoto. Canon RF 85mm f/2 yana kawo abu har rabin girmansa a kan sansa, gilasan 90 da 100 da 105 masu f/2.8 na ɗaukar ƙananan abubuwa kuwa suna kawo shi da cikakken girmansa, kuma suna hoton fuska mai kyau.

Yawancinmu na hannu za mu saya, gilashi kuwa yana daɗewa idan bai sha wahala ba. Tafi da kyamararka. Cire murafe biyu, haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba ta hana komai, kowane gilashin da ya ga hunturu yana da ita. Abin gudu shi ne farin zare-zare mai kama da saƙar gizo, wannan fumfuna ce, ta fi yawa a kayan da suka zauna a garuruwan bakin teku masu laima, tana yaɗuwa, tana kuma cin fatar gilashi. Hazo-hazo a ciki ma aibi ne. Rufe ƙofa zuwa f/16 ka duba ganyayyakinta ko akwai maiƙo, ka ga ko suna buɗewa da rufewa da sauri. Duba bakin da ake ɗaura filta: in ya lotsa, gilashin ya taɓa faɗuwa, sai ka manna jarida a bango, ka tsaya daidai gabanta, ka ɗauka a buɗe duka, ka gwada kusurwoyi huɗu. Idan gefe ɗaya ya fito, ɗayan ya dushe, wani abu ya goce a ciki, gyaransa kuwa sai da kayan aunawa da ba kowane mai gyara yake da su ba. Saita kusa, saita nesa, sau da yawa, kunnenka yana kan injin. In yana ƙugi ko yana kai da komo kafin ya tsaya, ko dai a rage maka kuɗin sabon inji, ko ka mayar masa da kayansa.